Jahnun da kubana, karin kumallon Asabar na Yahudawan Yaman

Jahnun da kubana abinci ne na fulawa da Yahudawan Yaman ke karyawa da su da safiyar Asabar, ranar hutunsu. Duka biyun tun Juma'a ake haɗa su a bar su su kwana a wuta, don a addininsu ba a hura wuta kuma ba a girki daga faɗuwar rana ta Juma'a har taurari su fito bayan faɗuwar rana ta Asabar.

Asalin hukuncin

Haramcin hura wuta yana cikin Attaura, Littafin Fitowa 35:3, daga baya malamansu suka lissafa ayyuka 39 da ba a yi a ranar, ciki har da kwaɓi da gashi. Amma sun ce wutar da aka hura kafin rana ta faɗi babu laifi a bar ta tana ci, to nan ne dabarar ta fito. Ƙungiyar Karaiyawa kam, wato Yahudawan da ke bin nassi kaɗai ba fatawar malaman ba, a da ba ta yarda da wannan fatawa ba.

Yadda ake yi

Jahnun kwaɓi ne mara yis, fulawa da ruwa da gishiri da ɗan suga ko zuma. Ana barin shi ya huta sai a baza shi da hannu ya yi siriri kamar takarda, a shafe shi da man shanu da aka tace, wanda suke kira samne, wasu har hulba suke sa masa, a naɗe kamar tabarma a jera a tukunya mai murfi, a ƙasan tukunyar kuma a shimfiɗa tsohon burodi don kada ya kama, a sama a ɗora ƙwai da ɓawonsa. Haka zai kwana a wuta kaɗan kaɗan, awa 10 zuwa 12. Da safe za a tarar ya yi ja ya yi danƙo, ƙwan ma farinsa ya koma ruwan ƙasa. Ana ci da gurzajjen tumatir da zuhug, wato markaɗen barkono da tafarnuwa. Abin akwai nauyi fa, guda ɗaya ya isa ya kai mutum azahar.

Kubana shi da yis ake yi, ana cura shi a jera a tukunya ya tashi, da hannu ake yagarsa.

Tarihi

Galibi ana danganta jahnun da Yahudawan birnin Adan da ke kudancin Yaman, sai dai lokacin da aka fara yinsa bai tabbata ba. Tsakanin 1949 da 1950 aka kwashe Yahudawan Yaman kusan 49,000 ta jirgin sama zuwa Isra'ila, suka tafi da girkinsu. A can da yawa suka koma amfani da majarin, wato bota ta kamfani, maimakon man shanu, tanderun ƙasa kuma ya koma farantin lantarki da ake bari a kunne tun Juma'a. Yanzu har daskararre ake sayarwa a kanti.

Makamantansu

Yahudawan Iraƙi soyayyen yalo da dafaffen ƙwai suke ajiyewa, daga nan aka samo sabik da aka fara sayarwa cikin burodi a birnin Ramat Gan na Isra'ila wajen shekarun 1960, asalin sunan dai ana saɓani a kai. Zuriyar Yahudawan da aka kora daga Sifen a 1492 kuma burekas, wani gasasshen kwaɓi mai haɗi a ciki, suke ci bayan dawowa daga wurin ibada, da ƙwan da ya kwana cikin ɓawon albasa.