Sana'arka da Kuɗin Inshorar Mota a Ingila

Tun da 'yan'uwanmu suka fara shigowa Ingila da yawa, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu aikin kula da tsofaffi, ba a yin mako ban amsa waɗannan tambayoyin ba. A bakin masallaci bayan Juma'a, a waya cikin dare, har a wurin suna. Bakina ya gaji, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Da gaske sana'ata tana canza kuɗin inshora?

Da gaske. Mutum biyu, mota iri ɗaya, layi ɗaya, sa'annin juna, amma farashi daban domin aikinsu daban.

Me ya haɗa aikina da tuƙina?

Kamfanin bai taɓa ganin tuƙinka ba. Abin da ke hannunsa lissafin waɗanda suka nemi diyya ne shekara da shekaru, an kasa su rukuni-rukuni. In masu irin aikinka sun fi yawan tuƙin dare, ko tuƙi cikin gajiya, ko gaggawa a kan hanya, a cikinsu za a lissafa ka. Shi ya sa masu kai abinci gida-gida da 'yan ƙwallo ke biyan da yawa, wanda ya yi ritaya kuwa galibi ana sauƙaƙa masa.

Ai wannan wariya ce!

Tun Disamba 2012 aka hana kamfanoni bambanta farashi tsakanin namiji da mace. Tambayar sana'a ba a hana ta ba. Fushinka ba zai rage maka ko fam ɗaya ba, cike takardar.

Ni likita ne a Kano, amma nan ina aikin kula da tsofaffi. Wanne zan rubuta?

Wanda kake yi yau, wanda ke kan takardar albashinka. Na san da ciwo, Dakta, kuma in Allah ya yarda za ka ci jarabawar ka koma asibiti. Ranar sai ka kira su ka canza.

Wani ya ce in canza sunan aikina, kuɗin zai sauka.

In sunayen biyu duk gaskiya ne a kanka, babu laifi. Mai aiki a kicin ya duba jerin da suka bayar ya ga suna biyu ko uku da suka dace da abin da yake yi, ya ɗauki mafi sauƙi. Matar da ke gida tana rainon yara ta zaɓi mai kula da gida, kada ta rubuta marar aikin yi, domin wannan rukunin sun fi tsawwala masa. Amma mataimakiyar jinya ta rubuta cikakkiyar ma'aikaciyar jinya alhali ba ta da rajista, wannan ƙarya ce, kuma da sunan ƙarya za su karɓe ta.

Ni ɗalibi ne, ina aikin kula da tsofaffi gida-gida, wani lokaci kuma da dare ina kai abinci da motata. Yaya zan yi?

To, ƙanena, zauna, nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Abu biyu ake tambayarka, kai kuma kana ɗaukarsu abu ɗaya: wace sana'a kake yi, da kuma me kake yi da motar.

Na farko ya fi sauƙi. Yawancin takardun suna da gurbin babban aiki da gurbin aiki na biyu. In karatunka na cikakken lokaci ne, galibi ɗalibi za ka sa a sama, sauran a ƙasa. Na ce galibi, domin kowane kamfani da yadda yake jera tambayarsa, wani ma gurbi ɗaya zai ba ka. In ka ga haka kada ka yi kintace. Kira su, ka faɗi duka ukun, ka nemi su aiko maka da amsar a rubuce.

Na biyu shi ne mai haɗari. Inshora mafi araha ta zirga-zirgar gida ce kawai: kasuwa, masallaci, ziyara. Sama da ita akwai wadda ta haɗa da zuwa wurin aiki, amma wurin aiki guda ɗaya ake nufi a mafi yawan kamfanoni. In gidan tsofaffi ɗaya kake zuwa kullum, ta ishe ka. Kai kuwa da kake tashi daga gidan wannan tsohuwa zuwa na wancan tsoho sau biyar a yini, inshorar amfanin aiki kake buƙata. Kada gabanka ya faɗi, sau da yawa ƙarin ba shi da yawa, wani kamfanin ma kusan ba ya ƙara komai. In kuma kana ɗaukar tsohon a motarka zuwa asibiti, wannan ma faɗa musu, domin ba duka ke amincewa da shi ba.

Kai abinci kuma daban yake gaba ɗaya. Duk abin da za ka ɗauka a biya ka ladan kaiwa, abinci ne ko kaya ko fasinja, yana da inshorarsa ta musamman, kuma ta amfanin aiki ba ta rufe shi. Akwai masu sayar da ita awa-awa ga masu aiki da manhajojin kai abinci irin su Uber Eats ko Deliveroo, sai dai dole kamfaninka na asali ya yarda a ɗora ta a kan tasa. Wasu suna yarda, wasu in sun ji ma soke taka za su yi. Tambaya tukuna kafin ka kunna manhajar.

Wani yaro ya zo mini bara, hannunsa na rawa, riƙe da takardar 'yan sanda. Sun tsayar da shi da dare, jakar abinci na kujerar baya, waya manne a gilashi tana nuna adireshin da zai kai. Yana ta ce mini, "Wallahi Yaya ina da inshora." Yana da ita, amma ba ta wannan aikin ba, kuma a idon doka daidai yake da marar ita. Tarar fam 300, makin laifi 6 a lasisi, an ɗauke motar. Wanda bai cika shekara biyu da cin jarabawar tuƙi a nan ba, maki 6 ɗin kaɗai sun isa a soke lasisinsa.

In na ɓoye, ta yaya za su sani?

Ranar haɗari za su sani, lokacin da suka tambaye ka daga ina kake, ina za ka. Dokar 2012 kan abin da mai sayen inshora ke bayyanawa ta raba abin biyu. In sakaci ne, suna iya biyan ka gwargwadon abin da ka biya: misali ka biya fam 800 alhali 1,000 ya kamata, sai su ba ka kashi 80 cikin ɗari na diyyar. In da gangan ne, su soke inshorar tamkar ba a taɓa yin ta ba, su riƙe kuɗinka. Wanda ka buge za a biya shi, amma suna iya dawowa kanka su nemi kuɗin. Daga nan kuma duk kamfanin da ka je sai ya tambaye ka ko an taɓa soke maka inshora.

A gida ba a tambayar mu wannan.

Domin a Najeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ce ta yanke farashin inshorar dole: tun Janairu 2023 naira 15,000 ga motar gida, 5,000 ga keke napep, 3,000 ga babur. Ba ruwansu da sana'arka, amma da ruwansu da aikin motar. Mai kabu-kabu da takardar motar gida yana cikin irin ramin nan.

Akwai wani a WhatsApp da ke samo ta rabin farashi.

Haba, 'yar'uwa! Ta ina kike zaton yake samo ragin? Adireshin ƙauye yake sa miki, ya mayar da ke ma'aikaciyar ofis, ya ƙara miki shekarun tuƙi. Sunanki ne a kan ƙaryar, ba nasa ba. In kin riga kin biya, buɗe takardar yau ki karanta sana'a da adireshin da aka rubuta, sannan ki kira kamfanin da lambar da ke shafinsu, ba wadda ya ba ki ba.

Na canza aiki a tsakiyar shekara.

Kira su a makon. Wataƙila su caji kuɗin gyaran takarda, wataƙila ma su mayar miki da wani abu.