Kwana 22 da ba a kama hilsa a Bangaladash

Duk shekara idan Oktoba ta kama, gwamnatin Bangaladash kan hana kamun kifin hilsa, wanda mutanen ƙasar ke kira ilish, har na kwana 22. Ba masunci kaɗai hanin ya shafa ba. Mai dakonsa, mai ajiye shi, mai sayarwa da mai saye, duk dokar ta hau kansu. Wanda aka kama yana iya shan ɗaurin da zai kai shekara 2, ko tara, ko a haɗa masa duka biyun, bisa dokar kare kifi ta 1950 da gyare-gyaren da aka yi mata.

Ranakun ba a kafe suke ba. A 2023 an fara ne ran 12 ga Oktoba zuwa 2 ga Nuwamba, a 2024 kuma daga 13 ga Oktoba zuwa 3 ga Nuwamba. Dalili shi ne kifin yana bin lissafin farin wata. Hilsa a Tekun Bengal take girma, amma idan ta ɗauki ƙwai sai ta kamo hanyar ruwan daɗi ta bakin kogin Megna. A ƙarshen damina ruwan sama ya cika kogi, ya tsarma gishirin bakin teku, ya kuma kwaso abinci daga tudu. Daidai cikar wata da ɓacewarsa igiyar teku ta fi ƙarfi, a nan ne mafi yawan iyayen ke zuba ƙwai. Masu tsara dokar sai su duba waɗannan darare, su kewaye su da kwana 22.

Uwa guda tana iya ɗaukar ƙwai fiye da miliyan ɗaya. Cikin kamar yini da dare ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito kuwa bai wuce tsinken zare ba, garau da shi, da ƙyar ido ke ganinsa. Ba ya iya gaba da ruwa, inda ruwa ya nufa nan za shi. Ya ƙarasa ɗan gwaiduwar da ke manne a cikinsa, sannan ya koma cin ƙananan halittun da ke yawo a ruwa. Mafi yawansu ba sa kai labari. Shi ya sa uwar da aka kama da cikin ƙwai asararta ta fi ta kowane kifi a kwandon.

Waɗanda suka tsira su ne jatka, wato hilsar da ba ta kai santimita 25 ba. Su ma doka ta tsare su: daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Yuni haramun ne a kama su ko a kai su kasuwa. A Maris da Afrilu, lokacin da suka fi taruwa a wasu sassan kogunan Megna, Padma da Tetuliya, ana rufe waɗannan wuraren ga kowane irin kamun kifi. An kuma haramta ragar leda mai siririn zare da ake kira karent jal, domin ba ta barin yaro bare babba.

Tsarin ya yi amfani. A 2002 zuwa 2003 hilsar da aka kama ba ta kai tan dubu 200 ba. Bayan shekara 15 ta haura tan dubu 500.

Inda raina bai kwanta ba shi ne ɓangaren masunta. Gidan masuncin da ke da rajista ana ba shi shinkafa kilo 25 a hanin Oktoba, sai kilo 40 duk wata na wata 4 a lokacin jatka. Shinkafa kuwa ba ta biyan bashi, kuma da yawansu da kuɗin dillali suka sayi raga suka gyara jirgi, a bisa sharaɗin shi za su riƙa sayar wa kamunsu. Dillali ba ya jiran kwana 22. Mutumin da sunansa bai shiga rajista ba ko shinkafar ba ya gani, shi ne kuma wanda masu sintiri ke tararwa da tsakar dare a tsakiyar kogi, su ƙwace ragar da bai gama biya ba su banka mata wuta a bakin gaɓa.