Waiwaye: PRP da tambayar wa zai gaji Malam

Duk lokacin da zaɓe ya gabato a Najeriya, sai ka ji ana tambayar ina jam'iyyar talakawa ta shige. PRP ake nufi, mai alamar makulli, wadda Malam Aminu Kano ya kafa a 1978 a kan tubalin NEPU ta 1950. Jam'iyyar tana nan da rajistarta, amma ciwon da ya kwantar da ita tsoho ne, kuma daga batun shugabanci ya faro.

A zaɓen 1979 PRP ta yi abin a zo a gani. Malam ya sami kimanin kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'un shugaban ƙasa, Abubakar Rimi ya ci gwamnan Kano, Balarabe Musa ya ci na Kaduna. Gwamnonin nan biyu ba su ɓata lokaci ba, suka soke haraji da jangali, abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri da bulala a kansa shekara da shekaru. Wanda ya taɓa jin labarin yadda ake shanya magidanci a rana saboda kuɗin haraji ya san nauyin wannan mataki.

Sai dai ba a yi nisa ba baraka ta kunno kai. Rimi da Balarabe suka shiga taron gwamnoni tara na adawa, tare da na UPN da GNPP, domin a ganinsu babu yadda za a ja da NPN mai mulkin tarayya sai an haɗa ƙarfi. Uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi ji, aka kore su a 1980. Daga nan Kano ta rabu gida biyu: 'yan taɓo da suka tsaya tare da Malam, da 'yan santsi da suka bi gwamnoni, suka ɗora tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugabansu. Hukumar zaɓe ta FEDECO ɓangaren Malam ta amince da shi. Abin takaici, mutanen da suka kwana a kurkuku ɗaya a zamanin NEPU suka koma ba sa ga maciji. Ana cikin wannan hali majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni na 1981, jam'iyyarsa kuwa ba ta da haɗin kan da za ta tsaya masa.

Allah ya yi wa Malam rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, saura 'yan watanni a yi zaɓe. A nan ne gibin ya fito fili. Mutane Malam suke bi, kuma ba a shirya wanda zai ɗauki tutar bayansa ba. Aka tsayar da Hassan Yusuf takarar shugaban ƙasa, ƙuri'u suka zube zuwa kimanin kashi 4 cikin ɗari. Sabo Bakin Zuwo ya riƙe wa jam'iyyar Kano, ya kayar da Rimi da ya koma NPP, amma wata uku kacal ya yi sojoji suka karɓe mulki.

Bayan dawowar farar hula, Balarabe Musa ya farfaɗo da PRP, ya yi mata takarar shugaban ƙasa a 2003, ya shugabance ta har 2018 lokacin da ya miƙa wa Falalu Bello. Babu mai shakkar gaskiyarsa da gudun duniyarsa, sai dai a tsawon waɗannan shekaru jam'iyyar ba ta sake kafa rassa a unguwanni da ƙauyuka irin na da ba.

A 2023 ta tsayar da Kola Abiola, ɗan marigayi MKO Abiola. Ni a ganina an sake neman suna ne a inda ake buƙatar aiki a mazaɓu, kuma sakamakon bai kai a ambata ba. A wannan zaɓen ne NNPP ta Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ke danganta jar hularsa da Malam Aminu Kano, ta lashe Kano da ƙuri'un 'ya'ya da jikokin 'yan PRP.