Ɓangaren hidimomi a tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa

Ɓangaren hidimomi shi ne sashen tattalin arzikin da ake sayar da aiki a cikinsa maimakon kaya, kamar sufuri, ciniki, banki, sadarwa, koyarwa, kiwon lafiya da yawon buɗe ido. A shekarun 1930 zuwa 1940 masana irin su Allan Fisher da Colin Clark suka kasa tattalin arziki gida uku: noma da haƙar ma'adinai, masana'antu, sai hidimomi. A ganinsu ƙasa takan fara da gona, ta koma masana'anta, hidimomi su zo daga baya. Haka Ingila ta yi, haka ma Koriya ta Kudu.

Ƙasashe masu tasowa da yawa a yau sun tsallake matakin tsakiyar. Matashin da ya baro gona ya shigo birni ba kasafai yake samun gurbi a masaƙa ba, sai dai ya hau babur yana ɗaukar fasinja, ko ya kafa tebur yana gyaran waya. Masanin tattalin arziki Dani Rodrik ya nuna cewa masana'antun irin waɗannan ƙasashe suna fara ja da baya tun ƙasar ba ta yi arziki ba.

Duk da haka, wasu hidimomin sun ɗaga ƙasashe. Bayan sauye-sauyen tattalin arziki da Indiya ta yi a 1991, kamfanonin manhaja na Bangalore irin su Infosys suka riƙa yi wa Amurka da Turai aikin kwamfuta suna kwasar kuɗin waje, har hidimomi suka kai kusan rabin abin da ƙasar ke samarwa. Filifin ta yi suna da cibiyoyin amsa kiran abokan cinikin kamfanonin ƙetare. A Kenya, tsarin M-Pesa da kamfanin waya na Safaricom ya fito da shi a 2007 ya sa mutumin karkara da bai taɓa shiga banki ba yake aika kuɗi ta waya, wanda ya sauƙaƙa wa manomi da ɗan kasuwa harkarsu.

Matsalar ita ce hidimomin da ke kawo riba mai tsoka suna buƙatar ilimi mai zurfi, wutar lantarki da intanet, kuma mutane kaɗan suke ɗauka. Waɗanda ke ɗaukar jama'a da yawa kuwa, galibinsu ba su da rajista, ba sa shiga lissafin haraji, kuma abin da ma'aikaci ke samarwa a rana ba ya ƙaruwa sosai. Masanin tattalin arziki William Baumol ya yi bayanin wannan a shekarun 1960: inji na iya ninka abin da masaƙa ke fitarwa, amma mai aski kai ɗaya yake iya askewa a lokaci guda. Shi ya sa idan aka ga kason hidimomi ya ƙaru a alƙaluman ƙasa, masana sukan fara duba wane iri ne ya ƙaru kafin su kira shi ci gaba.