"Net zero": sifilin da ba sifili ba

A taron sauyin yanayi na birnin Glasgo, cikin Nuwamba 2021, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa Najeriya za ta kai matakin "net zero" nan da shekarar 2060. Tun daga lokacin kalmar ta zama ruwan dare a bakin ministoci da 'yan jarida. Masu fassara da dama sukan ce wai "daina fitar da hayaƙi kwata-kwata" kenan. Wannan fassarar ta zame, kuma a inda ta zame ɗin ne zancen yake.

Ɗauki randa a tsakar gida. Wani na zuba ruwa, wani na ɗiba. Idan abin da ake zubawa ya yi daidai da abin da ake ɗiba, ruwan randa ba zai ƙaru ba, ko da kuwa ba a daina zubawar ba. Sararin samaniya ita ce randar, hayaƙin kabon shi ne ruwan. Motoci da janareta da masana'antu da murhun itace na zubawa, dazuzzuka kuma na zuƙewa. Ranar da abin da ƙasa ke fitarwa ya zo daidai da abin da take iya janyewa, lissafinta ya tashi sifili. Ma'anar kenan: sifilin da ya rage bayan an haɗa shiga da fita, kamar ɗan tireda da ya rufe littafi ba riba ba faɗuwa.

Me ya sa duniya ta nace a kan wannan ma'auni? Saboda kabon ba baƙon kwana ɗaya ba ne. Wani kaso na abin da aka saki yau zai daɗe a sama ɗaruruwan shekaru yana riƙe zafi. Rage zubawa kawai ba ya hana randa cika, jinkirta cikar yake yi. Yarjejeniyar Faris ta 2015 ta sa burin kada ɗumamar duniya ta ƙaru da digiri 2 a kan yadda take kafin zamanin masana'antu, a kuma yi ƙoƙarin tsayar da ƙarin a digiri 1.5. A 2018 kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce idan ana son 1.5 ɗin, sai duniya ta kai sifilin kabon a wajajen 2050. Birtaniya ta sa 2050 a dokarta a 2019, Sin ta zaɓi 2060, Indiya 2070. Amurka kuwa, shiga yarjejeniyar take tana fita gwargwadon wanda ke kan mulki.

A Najeriya ba a bar maganar a baki ba. A cikin watan Nuwamba 2021 ɗin aka sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa kan sauyin yanayi ƙarƙashin jagorancin shugaban ƙasa, ta kuma tanadi a riƙa ƙayyade yawan hayaƙin da ƙasar za ta fitar a kowane zango. A watan Agusta 2022 aka ƙaddamar da shirin sauya makamashi, wanda ya shafi wutar lantarki, girki, sufuri, masana'antu da harkar mai da gas. Shirin da kansa ya ce ana buƙatar ƙarin kusan dala biliyan 10 duk shekara. Ga mari ga tsinka jaka: ƙasar da ke dogaro da kuɗin fetur ita ce za ta nemo kuɗin rabuwa da fetur, alhali Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa ba.

Sai dai ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɓangaren "ɗiba" na lissafin, don nan ne ƙofar wayo take. Kamfani zai iya ci gaba da ƙona mai kamar yadda ya saba, ya biya wasu kuɗi a dasa masa itatuwa a wata nahiya, sannan ya rubuta a takarda cewa an cire masa. Duk wanda ya taɓa ganin bikin dashen itatuwa a garuruwanmu ya san yadda ake ƙarewa: a dasa, a ɗauki hoto, rani ya shigo, awaki su gama da sauran. Itacen da ya rayu ma yana buƙatar shekaru kafin ya zuƙi abin kirki, kuma ranar da aka sare shi aka yi gawayi, kabon ɗin ya koma inda ya fito. Shi kuwa man da aka ƙona, ya ƙonu. Akwai na'urorin da ke janyo kabon daga iska a binne shi a ƙarƙashin ƙasa, amma tsadarsu ta yi yawa, abin da suke kamawa kuma bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa masana ke cewa a fara rage zubawa sosai, a bar ɗiba ga ɗan abin da ya gagara, irin na siminti da jiragen sama.

Sai kuma batun nisa. Yawancin waɗanda suka yi alƙawarin 2060 ba za su ga shekarar ba, balle a tuhume su. Don haka idan ka ji jami'i ya ce "net zero", tambaye shi abin da za a gama kafin 2030. Matan da ke girki da itace, nawa za su samu gas ko ingantaccen murhu a farashin da za su iya? Ƙauyuka nawa za su samu sola? Sannan ka tambaye shi wutar gas ɗin nan da ke ci dare da rana a rijiyoyin man Neja Delta. Tun 1979 aka yi dokar da ta sa wa'adin kashe ta a 1984, kuma har yau tana ci.