Leda ko bargo ba sa haifar da ɗumi da kansu

An daɗe ana cewa idan ka lulluɓe rumfar renon shuka da leda mai kauri, ledar ce ke kawo ɗumi. Masu renon tumatir da tattasai a fadamun Argungu da kewayen Bakolori sukan faɗi haka da hunturu. Ba abin mamaki ba ne, tunda wanda ya shiga bargo yakan ji ɗumi.

Amma ɗumin daga jikinsa ya fito, bargon tare shi kawai ya yi. Haka rumfar take: rana ce ke ɗumama ƙasa da yini, leda kuma ta rage saurin fitar ɗumin da dare. Abin da ya fi tarewa ma ba kauri ba ne, iskar da aka kulle ce tsakanin leda biyu. Shi ya sa a Kanada da Rasha, inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 0, ake ninka rufin, a toshe kowace ƙofar iska, a jera gangunan ruwa masu baƙin fenti su sha rana, a ƙara da na'urar ɗumama ɗaki.

Gwada da kanka: naɗe ƙanƙara a bargo, ka bar wata a fili. Ta fili ce za ta riga narkewa.

A nan kuwa, haɗarin ya fi yawa da rana tsaka. Rumfar da aka bari a rufe ruf tana iya dafa shuka, sai a riƙa ɗage gefenta da hantsi.

Don Allah a tura wa manoman da aka sani.