Dokar masu buƙata ta musamman a motocin haya, da kuɗin da ke cikinta

Da yawa cikinmu a nan Legas ba mu san akwai dokar da ta tilasta a sauƙaƙa wa guragu da makafi da kurame shiga mota da tasha ba. Akwai, har guda biyu ma. Jihar Legas ta yi tata tun 2011, ita ta kafa LASODA, hukumar kula da masu buƙata ta musamman, sai ta tarayya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara motoci da tashoshi, wa'adin ya cika tun Janairun 2024.

Ta tarayyar cewa ta yi a yi gangara ko lifta inda keken guragu zai bi, a nuna inda mota za ta a rubuce kuma a faɗa da murya, direba ya tsaya cak kafin mai lalura ya hau ko ya sauka, in ana layi a fara da shi. Wanda ya nuna masa wariya tarar naira 100,000 ko wata 6 a gidan yari ko duka biyun, kamfani kuwa miliyan 1.

Abin da ke damuna shine mutane na ɗaukar wannan kamar sadaka, alhali wallahi maganar kuɗi ce. Ka dubi bawan Allah mai gyaran waya a Agege da yake tafiya a kan katako mai taya, hannunsa da silifa yana tura ƙasa, sana'a yana da ita amma kafin ya je sari sai mutum biyu sun ɗaga shi sun saka a danfo, in babu masu ɗagawa ranar ba ciniki, ko ƙaninsa ya bar nasa aikin ya raka shi, kaga an yi asarar yinin mutum biyu kenan, mai mota ma ya rasa fasinja.

Kuma gangarar nan ba gurgu kaɗai take yi wa amfani ba, mai ciki da tsoho da ɗan dako mai turo buhun albasa daga kasuwar Mile 12 duk ita za su bi, shiga ta yi sauri mota ba ta daɗe a tsaye. In an sa ta tun a zanen tasha kuɗinta kaɗan ne, sai an gama gini a zo ana fasa kankare shine tsadar.

Manyan bas-bas na BRT da jiragen ƙasa na Blue Line da Red Line da sauƙi tunda akwai LAMATA, hukumar sufurin Legas, a kansu. Aikin yana wajen danfo da korope, ƙananan motocin haya da yawancinmu ke hawa, inda har yau mota tana gangarawa kwandasta yake cewa ka dira.